Durƙusar da Raƙumi: littafin aikin rage wa babur tsayi

Asabar, 4 ga Janairu 2025

Wata biyu ke nan da na sayi babur ɗin nan, Kawasaki KLR650 ƙirar 2005, na hannu. Yaran unguwarmu a Ƙofar Marusa cikin Katsina ba su ɓata lokaci ba suka raɗa masa Raƙumi, kuma sunan ya bi shi. Daga ƙasa zuwa sit santimita 89 ne, ni kuwa duk tsayina 165. In na tsaya, kan yatsun ƙafa ɗaya kaɗai ke taɓa ƙasa, shi ma sai na zame ɗuwawu gefe. Ga tanki mai cin lita 23 can sama, in ya cika ya fara rinjaya ba ka da ta cewa.

Don yashi na saye shi. Aikina duba dabbobi ne a rugage da ƙauyukan wajen Kaita da Mashi, kuma tayar gaba mai inci 21 tana ratsa yashin da ƙaramin babur ke nutsewa a ciki. A daji ba ni da kuka da shi. Cikin gari ne yake kunyata ni. Shekaranjiya a shataletalen Ƙofar Ƙaura wani mai adaidaita ya tsaya mini ba zato, na taka birki, ƙafata ta nemi ƙasa ta rasa. Mutum uku suka tayar da mu, ni da shi. Madubi ya tafi, hannun kulochi ya karye.

Don haka na yanke shawarar durƙusar da shi. Baburan da muka saba da su shokozoba biyu gare su a baya, dama da hagu, ɗaure kai tsaye. Wannan guda ɗaya gare shi a tsakiya, kuma ba ta ɗaure a jikin fok ɗin baya ba, wato ƙarfen da ke riƙe tayar baya. Gindinta yana kan wani lanƙwasasshen ƙarfe mai ramuka uku da ni nake kira gwiwa, sannan wasu fallayen ƙarfe biyu su haɗa gwiwar da fok ɗin. Turawa na kiransu ƙashin kare saboda siffarsu. Kawasaki na kiran tsarin duka Uni-Trak, Honda na kiran nata Pro-Link. A wannan babur, in ka ƙara wa ƙarafan biyu tsawo baya ya sauka, in ka rage ya tashi. Aikin ke nan a baki.

Lahadi, 5 ga Janairu

Awo kawai. Ƙanena ya riƙe mini babur a tsaye, na manna farin selotef a jikin madigadin baya daidai saman ƙusar taya, na ja layi da biro. Daga yau duk awon da zan yi daga tsakiyar ƙusar ne zuwa wannan layin. Na auna sau uku: taya a sama ba nauyi, babur da nauyin kansa, sannan ni a kai. Da na hau ya zauna da milimita 62. Tayar baya tana da tafiyar milimita 230, kuma abin da ake so mahayi ya cinye wajen kashi ɗaya cikin uku. Ashe sifirin ɗin ma an ɗaure shi fiye da nauyina.

Laraba, 8 ga Janairu

Babur ɗin ba shi da jak na tsakiya, sai muka ɗora cikinsa a kan kututture da katako a garejin makanikena. Shekara ashirin yana kwance injin babur amma bai taɓa taɓa irin wannan ba, kuma bai ɓoye mini ba, abin da ya sa na yarda da shi ke nan.

Notin farko ya zo da sauƙi. Na biyu ya ƙi, sai da muka jiƙa shi da man birki muka tafi sallar azahar muka dawo. Da ƙusar ta fito ya leƙa ramin ya ce, "Likita, zo ka ga abin da kake hawa." Boris ɗin cikin gwiwa irin mai siraran allurai ne. Babu ɗigon giris a ciki, sai jar ƙasa da tsatsa sun haɗu sun zama kamar garin barkono. Allurai huɗu suka zubo a tafin hannunsa. Bututun da ke juyawa a cikinsu ya yi zane-zane, kana shafawa da farce kana jin tudu da kwari.

Na zo rage tsayi na tarar da wata jinya. Ba yadda za a yi a auna komai a kan boris da ya mutu, domin wasan da yake yi kaɗai ya isa ya ɓata lissafi. Mun wanke komai da kananzir. Na ɗauki lambar da ke jikin boris ɗin na tura wa wani abokina a Kano.

Juma'a, 10 ga Janairu

Ba a samu a Katsina ba, na zaga shaguna biyar. Kano an samu boris, bututun kuma sai an juya sabo. Ina hawan tsohon Jincheng ɗin ƙanena, ƙafa biyu a ƙasa kamar mai zaman kujera.

Asabar, 11 ga Janairu

Yau na ji daɗin aiki. Maimakon mu yi ta yanka ƙarfe muna gwadawa, na sa mai walda ya yanko mini fallaye biyu na gwaji, rami ɗaya a wannan kai, a ɗaya kan kuma doguwar tsaga da ƙusa za ta iya zamewa. Ba na hawa ba ne, na awo ne. Muka mayar da tsohon boris na wucin gadi, tunda ƙiyasi kawai muke nema, muka riƙa matsar da ƙusa muna ɗaurewa muna auna layin selotef.

Ƙarin milimita 3 ya sauke baya da wajen 12. Ƙarin 6 ya ba da 24. Ƙarin 12 ya kai 50. Wato duk milimita ɗaya a jikin ƙarfen nan tana haifar da huɗu a wajen taya. Makanike ya riƙe haɓa ya ce, "To ai kaurin tsinken ashana ma magana ce a nan." Haka ne. Kuma tsawon da ake nufi daga tsakiyar rami ne zuwa tsakiyar rami, ba daga baki zuwa baki ba. Sau biyu ina maimaita wa mai walda wannan.

Na zaɓi 12. Makanike ya so mu fara da 6. Na ce masa ban kwance babur don santimita biyu da rabi ba.

Talata, 14 ga Janairu

Boris ya iso a motar haya, N22,000 har da kuɗin direba. Mai walda ya gama ƙarafan daga irin fallen da yake ƙofofin gida da shi, N5,000. Sun ɗan fi na asali siranta, na gani na kawar da kai.

Asabar, 18 ga Janairu

Mun haɗa. Ƙusa ta ƙi shiga rami na biyu, domin ramukan ƙarafan biyu ba su zo daidai ba, ɗaya ya ɗara ɗaya da kamar rabin milimita. Yaron gareji ya ɗauko zarto mai zagaye ya ɗan buɗa ramin, ta shige. A lokacin har yaba masa na yi.

Na hau. Ƙafa biyu suka taɓa ƙasa, ba tafin duka ba, amma gaban ƙafa ya zauna sosai. Sai dai abin bai kai yadda na zata ba. Da muka auna sit ɗin kansa, santimita uku da 'yan kai ya sauka, ba biyar ba. Na tsaya ina kallon tef ɗin kamar shi ya cuce ni, kafin na gane. Baya kaɗai ya sauka, gaba yana nan inda yake, ni kuma a tsakani nake zaune. Rabona kashi biyu cikin uku ne.

Da na iso gida na buga jak a zaure na shiga ɗauko ruwa. Ban kai ga randa ba na ji rugum. Tunda babur ya gajarta, jak ɗin gefe ya yi masa tsawo, maimakon ya jingina hagu sai ya tsaya ƙiƙam. Akuyar maƙwabta ta goga jikinta, ya tafi dama. Sabon madubin da na saya N3,500 ko kwana goma bai yi ba.

Uwargida ta leƙo ta ce, "Malam, da yana kayar da kai, yanzu kuma shi kaɗai yake faɗuwa. Ci gaba aka samu ke nan?" Ban tanka ba.

Litinin, 20 ga Janairu

Kwana biyu ina zagayawa da shi cikin gari, ina jingina shi da bango duk inda na tsaya. Abu biyu sun canza. Kan babur ya yi nauyi, a kwana sai ka tura shi da ƙarfi, yana son ya miƙe. Da daddare kuma duk motar da ta taho sai ta watso mini fitila, wani direba har da zagi.

Ƙanena da ke karatun injiniya ya zana mini a bayan takardar magani. Tsakanin tayoyin nan biyu kusan mita ɗaya da rabi ne. In baya ya sauka da milimita 50, duk babur ɗin ya kishingiɗa da kusan digiri biyu. Shokozobar gaba da kamfani ya kafa a digiri 28 ta ƙara kwanciya, shi ya sa kan ya yi nauyi. Fitila kuma a nisan mita goma ta ɗaga da fiye da santimita 30, daidai idon mai ƙaramar mota. Ya ce, "Yaya, maganinsa ka sauke gaban ma." Na sunkuyar da fitilar tukuna.

Asabar, 25 ga Janairu

Wannan ranar zan rubuta ta dalla-dalla don kada in manta.

An kira ni wata ruga can gefen Daura, shanu na zawo. Na ɗauki ƙanena a baya, ga akwatin magani, ga jarkar ruwa. A kan kwalta lafiya lau, har ina jin daɗin yadda ya yi laushi. Laushin nan ashe shi ne gargaɗin. Dogayen ƙarafa suna canza yadda fok ke danna shokozoba, sai ta zama kamar an rage wa sifirin ƙarfi, ga shi kuma tun kafin a hau taya ta riga ta matso kusa da madigadi da santimita biyar.

Da muka sauka daga kwalta muka shiga burji, a kwazazzaɓo na farko na ji wani ƙara daga baya, garrr, kamar an ja buhu a kan siminti. Na ce dutse ne. A na biyu ƙarar ta zo da wari, babur ya yi wata 'yar tirjiya kamar an taɓa birkin baya. Ƙanena ya daki kafaɗata ya ce in tsaya.

Lambar babur ta naɗe ta shige ciki kamar ganyen kabeji. Haƙoran taya sun kamo ta sun tura ta sama. Robar ƙarƙashin madigadi ta cinye har ta huje, kuma wayar fitilar baya da ke bi ta wurin ta fito tsirara, saura ƙiris ta tsinke. Na tsuguna ina kallo, jikina ya yi sanyi, domin na san da a guje muke taya ta cije a nan, da wani labarin ake yi.

Wani dattijo Bafulatani da ke wucewa da sandarsa ya tsaya ya dube mu ya dubi babur, ya ce raƙumi dai ba a ɗora masa kaya sai ya durƙusa, amma ba a tafiya da shi a durƙushe. Ban gaya masa sunan babur ɗin ba. Ƙanena ya yi ta dariya har da riƙe ciki.

Muka cire lambar da filaya, na ɗaure sifirin zuwa mataki na biyar, na ƙarshe, ƙanena ya rungumi akwati ya hau babur ɗin wani yaro. Shanun dai an duba su. Mun dawo Katsina bayan isha'i, a hankali kamar masu rakiyar amarya.

Lahadi, 26 ga Janairu

Na kwance ƙarafan da kaina a tsakar gida. Ramin da aka buɗa da zarto ya zama kamar ƙwai. Ɗaya ƙarfen kuma ya ɗan miƙe a gefen rami, inda naman ƙarfen bai da faɗi. Kwana takwas kacal. Waɗannan ƙarafan jan su ake yi, duk nauyin babur da mahayi da kowane rami na hanya a kansu yake ƙarewa, kuma tunda tsawonsu bai zo ɗaya ba, guda ɗaya ne ya yi ta ɗaukar kayan shi kaɗai.

Ba laifin mai walda ba ne. Ƙofa na san shi da ita, ni na kai masa abin da ba nasa ba don in tsira da dubu biyar. Na mayar da na asali.

Laraba, 29 ga Janairu

Ban taɓa shi ba. Hazo ya rufe gari, ga mura.

Asabar, 1 ga Fabrairu

Makanike ya kai ni wurin wani tsoho mai injin juya ƙarfe, wanda ya yi mana bututun boris. Na nuna masa ƙarafan da suka lalace. Ya juya su a hannu bai ce komai ba, sannan ya tambaye ni, "Ɗana, 'ya'yanka nawa?" Na ce uku, Baba. Ya ce to.

Wani da ke zaune a wurin ya kawo shawarar a yanko daga fallen sifirin ɗin mota, wai ba ya lanƙwasa. Baba ya ƙi. Ya ce ƙarfen sifirin ba ya huduwa ta daɗi, in ka gasa shi don ya hudu ka kashe shi, in kuma ya tashi karyewa ba ya sallama. Ya fi son ƙarfe mai kyau mai kauri, wanda ko zai gaza sai ya fara nuna alama. Abokina ya samo mana falle a Ƙofar Ruwa a Kano, ya ɗara na asali kauri kaɗan.

Yadda ya yi aikin ya isa kallo. Ya haɗa fallayen biyu ya ɗana musu walda a gefe suka zama ɗaya, ya huda su tare a injin tsaye, ya bi ramin da wani abin gyara har ƙusa ta shiga da ɗan turawa ba ta girgiza, sannan ya raba su ya goge gefuna. Ya bar nama mai faɗi kewaye da kowane rami. Ƙarin milimita 6, abin da makanike ya faɗa tun farko. Bai tuna mini ba, Allah ya saka masa.

Asabar, 8 ga Fabrairu

Gwajin da ya kamata in fara da shi, yau na yi shi. Mun kai shokozoba wurin makaniken mota aka matse sifirin aka cire, muka mayar da ita tsirara. Ta haka za ka ɗaga taya da hannu har inda shokozoba ta ƙare, ka ga abin da ya rage tsakaninta da madigadi. Da ƙarafan asali yatsu uku ke shiga. Da na Baba yatsa ɗaya da ɗan sarari. Don son sani na mayar da masu 12, taya ta daki roba shokozoba ba ta gama tafiyarta ba.

A nan muka duba sarƙa. Ta fi tsauri a lokacin da ƙaramin haƙori na gaba da ƙusar fok da ƙusar taya suka zo layi ɗaya. Babur da aka sauke yana zaune kusa da wannan layin tun yana tsaye, don haka sassaucin da ka saba aunawa ba shi ne ma'auni ba kuma. Muka saita ta a wurin da ta fi tsauri, muka bar mata ɗan numfashi, sannan na auna yadda take in an sauke babur na rubuta a cikin murfin akwati.

Gaba kuma mun sassauta maɗaurai mun zame shokozoba biyu sama da milimita 18, dama da hagu daidai wa daida. Sifirin na baya a mataki na biyu, na hau ya zauna da 70. Mai walda ya yanke santimita biyu daga jak ya ƙara masa faffaɗan tafi saboda yashi. Wannan kam aikinsa ne, ya yi shi tsaf.

Talata, 11 ga Fabrairu

Mai ɗinkin kujerun mota ya buɗe sit ya fere soso da santimita biyu da rabi, ya kuma rage masa faɗi ta gaba wajen tanki. Rage faɗin nan ya fi komai aiki, cinyoyi sun daina buɗewa, ƙafa tana sauka kai tsaye. N7,000, awa ɗaya, ba a taɓa ƙusa ko ɗaya ba. Da na san haka da daga nan na fara, ƙila ma da ban kai ga gwiwa ba. Amma da ban ga boris ɗin nan ba.

Asabar, 15 ga Fabrairu

Lissafi: boris N22,000, bututu N6,000, giris N4,500, ƙarafan gwaji N2,000, ƙarafan da aka zubar N5,000, falle daga Kano N6,500, aikin Baba N10,000, cire sifirin N2,000, jak N2,500, sit N7,000, madubi na biyu N3,500, makanike N12,000. Jimla N83,000. Ban sa lambar da aka buga ta miƙe da wayar da aka naɗe ba. Uwargida ta ga takardar, ta ce kuɗin tunkiya.

Asabar, 22 ga Fabrairu

Na koma rugar nan ta gefen Daura, da ƙanena da akwati, sifirin a mataki na huɗu saboda goyo. Kafin mu tashi na shafa alli a ƙarƙashin madigadi. Mun bi ta kwazazzaɓon nan biyu, na farko a hankali, na biyu da ɗan gudu. Da muka tsaya na leƙa, alli yana nan fari, ba zanen taya.

Sit yanzu santimita 84 da rabi. Gaban ƙafa biyu na taɓa ƙasa, in na karkata kaɗan tafin hagu ya zauna duka. Kan babur ya dawo yadda na san shi. Abin da na rasa shi ne tsayin ciki: farantin ƙarƙashin inji ya daki wani kututture da a da nake tsallake shi ban sani ba. Sit ɗin kuma bayan awa ɗaya yana fara gaisawa da ƙashi.

Na sa ɗigon jan fenti a kan kowane noti na gwiwa don in gane in ya motsa. Bayan kilomita 500 zan kwance ƙarafan Baba in duba ramukan, in ƙara giris kafin damina. Azumi saura mako guda, sauran aikin sai bayan salla: soso mai tauri a sit, da faranti mai kauri a ciki. Ƙarafan asali na naɗe su a tsumma mai mai na sa a akwatin magani, tare da sifana biyu.